Babi na Bakwai: Rayuwa Bayan Sallama daga Asibiti

Tambayar da iyalan wanda ya gamu da shanyewar ɓarin jiki suka fi yi wa likita a ranar sallama ita ce ko majinyacin zai koma yadda yake a da, kuma idan zai koma, nan da yaushe. Akwai tambaya ta biyu da ba a cika yi a gaban likita ba, sai an isa gida an shimfiɗe shi a ɗaki, 'yan rakiya sun watse, sannan take bijirowa: yanzu wa zai ɗauki nauyin me, kuma har zuwa wane lokaci? Waɗannan tambayoyi biyu a haɗe suke, domin kwanakin da mutum yake yi a gadon asibiti kaɗan ne idan aka kwatanta su da watanni ko shekarun da zai yi a hannun iyalinsa, kuma gwargwadon sauƙin da zai samu ya dogara ƙwarai a kan abin da ake yi masa, da abin da ake barinsa ya yi da kansa, a cikin gida da unguwa.

Lamarin ya shafi gidaje da yawa. Ƙungiyar Yaƙi da Shanyewar Ɓarin Jiki ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 12 ne ke gamuwa da wannan lalura a kowace shekara, kuma a cikin kowane mutum 4 da suka haura shekara 25, ɗaya zai gamu da ita a tsawon rayuwarsa.

Inda sauƙi yake fitowa

Ko da yake hannu da ƙafa ne ake gani sun saki, asalin raunin yana cikin ƙwaƙwalwa, inda jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, har wani sashe ya rasa jinin da yake rayuwa da shi. Sashen hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, na dama kuma ke sarrafa na hagu, kuma a wurin mafi yawan mutane cibiyar magana tana sashen hagu, shi ya sa wanda ɓarinsa na dama ya shanye ya fi fuskantar matsalar magana. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu ba sa dawowa, amma waɗanda ke kewaye da su suna iya ƙulla sababbin hanyoyin saƙo su karɓi wani ɓangare na aikin da ya tsaya. Misalinsa kamar gadar da ambaliya ta karya ce a hanyar kasuwar ƙauye: mutane sukan ratsa ta gefen gona, kuma sawun farko ba ya barin alama, amma idan ana bi safe da yamma sai turba ta fito, idan kuma aka daina bi sai ciyawa ta rufe ta.

Wannan shi ne dalilin da ya sa likitocin gashin ƙashi, wato ƙwararrun da ke koya wa gaɓoɓi motsi ta hanyar atisaye, suke nacewa a kan maimaita ƙananan ayyuka sau da yawa a kowace rana. An fi samun saurin ci gaba a cikin wata 3 zuwa 6 na farko, bayan nan tafiyar takan yi nauyi amma ba ta tsayawa cak. Abin takaici shi ne waɗannan watanni masu daraja su ne aka fi ɓatawa wajen yawon neman magani daga wannan gari zuwa wancan, musamman idan an ɗauka cewa jifa ne ko shafar aljanu, zaton da yakan ƙara ƙarfi idan a banɗaki mutum ya faɗi. Addu'a da tofi suna kwantar da hankalin majinyaci da na iyalinsa, kuma babu likita mai hankali da zai hana su. Abin da ke cutarwa shi ne ajiye maganin hawan jini da atisaye saboda su, ko yin tsaga da gashi da ruwan zafi a kan fatar da ba ta jin zafi sosai, wadda za ta iya ƙonewa mai ita bai sani ba.

Shimfiɗa, kafaɗa da banɗaki

Wanda ba ya iya juyawa da kansa yana bukatar a riƙa sauya masa kwanciya kusan duk bayan awa 2, dare da rana, domin nauyin jiki idan ya daɗe a kan wuri ɗaya yana hana jini isa fata, sai gyambon kwanciya ya ɓulla a ƙugu ko diddige ko ƙashin gindin baya. Irin wannan gyambo yakan fara da ɗan ja ko duhun fata wanda ba ya gushewa bayan an juya mutum, kuma idan ya yi zurfi jinyarsa takan fi ta shanyewar kanta wahala. Shimfiɗa mai tsabta, busasshiya, marar tattara, tare da duba fata a lokacin wanka, sun fi kowane man shafawa amfani.

Kafaɗar ɓarin da ya shanye tana bukatar kulawa ta musamman, kuma a nan ne masu jinya suke yin kuskure da kyakkyawar niyya. Naman da ke riƙe da kafaɗa ya saki, don haka idan aka kama hannun aka ja domin a tayar da mutum, ko aka cusa hannu a hammatarsa aka ciccibe shi, gaɓar takan goce, ta bar ciwon da zai hana shi atisaye na tsawon watanni. Daidai shi ne a tallafe shi ta baya da ƙugu, a ɗora hannun a kan matashi idan yana zaune ko kwance, kada a bar shi yana reto. Wajen sa riga ana fara zura hannun da ya shanye, wajen cirewa kuma shi ne na ƙarshe.

Gidajen Hausa da yawa suna da masai na tsuguno, da dokin ƙofa mai tudu, da tsakar gida mai santsi a lokacin damina, kuma kowane ɗaya daga cikinsu wurin faɗuwa ne ga mai ɓari ɗaya. Gyaran ba ya bukatar kuɗi masu yawa: kafinta zai iya huda kujerar katako mai ƙarfi a ɗora ta a kan masai ko a sa fo a ƙarƙashinta, mai walda zai iya kafa ƙarfen dafawa a bangon banɗaki, a kawar da tabarmin da ke naɗewa a ƙafa, a kuma samar da fitila a hanyar da yake bi da dare. Gado mai matsakaicin tsayi ya fi katifar ƙasa sauƙin tashi. Wanda ya iya kai kansa banɗaki ya dawo da wani babban yanki na mutuncinsa, kuma ya rage wa mai jinya aikin da ya fi kowane nauyi.

Ci da sha da magani

Kusan rabin waɗanda suka gamu da wannan lalura suna samun matsalar haɗiya a kwanakin farko, inda abinci ko ruwa ke kuskurewa ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, ya jawo ciwon huhu mai iya kisa. Alamominta su ne tari ko ƙwarewa a lokacin cin abinci, da sauyin murya bayan an sha ruwa, da taruwar abinci a kumatu ɗaya. Ruwa tsinkakke ya fi wuyar sarrafawa a baki fiye da abu mai ɗan kauri, don haka kunu ko koko mai kauri, da tuwo mai laushi wanda ya ji miya, sukan fi sauƙin wucewa. Ana ciyar da majinyaci yana zaune sosai, da ƙananan loma, ba tare da gaggawa ba, a bar shi a zaune na kusan rabin awa bayan ya gama, kuma ba a ɗura wa mai gyangyaɗi ko wanda bai farfaɗo sosai ba komai, ko da rubutun sha ne.

Batun abin da ake ci yana da alaƙa da hana lalurar dawowa. Binciken da aka fi sani da SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya, kuma aka wallafa sakamakonsa a shekarar 2018, ya danganta kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a wannan yanki da hawan jini, ya kuma nuna cewa masu cin ganye a kai a kai sun fi samun kariya. Zogale da alayyahu da rama da yakuwa suna nan a kowace kasuwa, abin da ake bukatar ragewa shi ne gishiri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin dunƙulen ɗanɗano da yajin tsire. Ya fi sauƙi a rage gishirin tukunyar gida gaba ɗaya da a ware wa majinyaci lami shi kaɗai, tunda 'ya'yan mai hawan jini su ma suna cikin haɗarinsa.

Hawan jini ba ya warkewa don mutum ya ji daɗin jikinsa, saboda haka maganinsa na kullum ne, kuma daina shi idan kwalin farko ya ƙare yana cikin manyan dalilan da ke sa lalurar ta sake bugawa. Haka nan bai kamata a sayi asfirin a kemis a ba majinyaci ba tare da umarnin likita ba, domin binciken da aka ambata ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka duba fashewar jijiya ce ta same su, kuma maganin da ke tsinka jini zai iya ƙara wa irinsu zubar jini. Idan baki ya sake karkacewa, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe farat ɗaya, asibiti za a nufa nan take.

Idan magana ta ƙi fitowa

Kimanin kashi ɗaya cikin uku na majinyata suna samun tangarɗar harshe, wato kasa furta kalmar da ake nufi ko kasa fahimtar abin da aka faɗa, alhali hankali yana nan daram. Mutum zai so ya ce ruwa sai ya ce takalmi, ko ya kasa kiran sunan matarsa duk da ya gane ta sarai, wani kuma babu abin da ke fita daga bakinsa sai salati ko wata kalma guda da yake ta maimaitawa. Babu abin da ya fi ƙona wa irin wannan mutum rai kamar a riƙa magana a kansa yana zaune, ana tambayar ɗansa ko ya ci abinci, ko a riƙa ɗaga masa murya kamar kurma, ko a yi masa irin maganar da ake yi wa yaro. Dattijon da aka saba durƙusa wa a ce masa Baba ko Malam yana nan a matsayinsa, kuma ya cancanci a fuskance shi, a yi masa gajeriyar tambaya wadda zai amsa da i ko a'a, a kashe rediyo, a jira shi ya lalubo kalmar ba tare da an ƙarasa masa ba. Abubuwan da harshe ya daɗe da haddacewa, kamar gaisuwa da ƙirga da gajerun surori, sukan riga sauran magana dawowa, kuma ana iya farawa da su.

Akwai wasu sauye-sauyen da iyali kan fassara da taɓin hankali ko iska alhali daga raunin ƙwaƙwalwa suke. Wani yakan fashe da kuka ko dariya babu dalili kuma ya kasa tsayar da su. Wani, musamman wanda ɓarinsa na hagu ya shanye, yakan manta da duk abin da ke hagunsa, ya cinye rabin kwano ya bar rabi, ya yi karo da ƙyaure. Ciwon damuwa kuwa, wato baƙin cikin da ke zaunawa makonni yana hana barci da cin abinci da sha'awar komai, yana kama kusan mutum ɗaya cikin uku, kuma yana da magani. Kiran mai wannan hali rago, ko zarginsa da rashin tawakkali, ƙara masa nauyi ne kawai, kuma wanda damuwa ta danne ba ya yin atisaye.

Tausayin da ke kwantar da mutum

A cikin tarbiyyar Bahaushe abin kunya ne a ga uba yana fama da maɓallin riga 'ya'yansa suna kallo, don haka da zarar ya miƙa hannu sai a riga shi. Wannan ladabi ne mai kyau a wurin mai lafiya, amma a wurin mai shanyewar ɓarin jiki yana hana ƙwaƙwalwa aikin da take bukata, domin duk abin da aka yi masa wanda zai iya yi da kansa, ko da a hankali, atisaye ne aka ƙwace masa. Ma'aunin da ya dace shi ne a taimaka a daidai inda ƙarfinsa ya ƙare. Idan zai iya kai loma baki a bar shi ya kai ko da zai zubar, idan zai iya alwala a zaune a ajiye masa buta a ɓarinsa mai lafiya, idan ba zai iya ba shari'a ta sauƙaƙa masa da taimama da yin salla a zaune ko a kishingiɗe. Tashi domin salloli biyar, da zama a zaure da hantsi, da taka ƙafa zuwa ƙofar gida, suna ba wuni tsari, kuma kowannensu motsa jiki ne.

Ɓoye majinyaci a ƙuryar ɗaki saboda kada a ga bakinsa a karkace ko miyau yana zuba yana cikin abubuwan da suka fi saurin karya shi. Mai gidan da aka daina shawara da shi a kan auren 'yarsa ko sayar da amfanin gona yakan ji cewa an binne shi da rai. Matsalar ta fi tsanani ga mata, domin macen da lalurar ta sama sau da yawa akan mayar da ita gidan iyayenta jinya, nesa da 'ya'yanta da ɗakinta, kuma ba kowace ce ake dawo da ita ba.

Wanda ke jinya

A mafi yawan gidaje nauyin yakan faɗa a kan mutum ɗaya, galibi mata ko 'ya mace, wadda za ta yi wanka da wanki da juyi da ciyarwa, ta kwana ido biyu, sana'arta ta tsaya, wani lokacin ma a cire yarinya daga makaranta. Alkunya tana ƙara taƙaita masu iya taimakawa, tunda suruka ba za ta yi wa surukinta wanka ba, ɗa namiji kuma ba zai kai mahaifiyarsa banɗaki cikin sakewa ba. Ciwon baya da rashin barci da damuwa sun zama ruwan dare a tsakanin masu jinya, kuma idan mai jinya ta kwanta, majinyata sun zama biyu. Ya kamata tun makon farko dangi su zauna su raba aikin dalla-dalla, a san wanda zai kwana a kowane dare, da wanda zai kai asibiti, da wanda kuɗin magani na wata ke wuyansa, a kuma ware wa babbar mai jinyar ranar da za ta fita ta huta ba tare da an ce ta gaji da mijinta ba.

Abin da ya wuce dubiya

Al'ummar Hausawa tana da al'adar dubiya mai ƙarfi, kuma a makonnin farko gidan majinyaci ba ya rabuwa da masu sallama, ana "sannu, ya jiki", ana "Allah ya ƙara sauƙi", ana ajiye lemo da ɗan abin da ya sauwaƙa. Sai dai dubiya an gina ta ne a kan ciwon da ke warkewa ko ya yi ajali cikin ɗan lokaci, ita kuwa wannan lalura ta shekaru ce, don haka jama'a sukan ɗauke ƙafa a daidai lokacin da ajiyar gida ta ƙare kuma gajiya ta fara cin masu jinya. Abin da ake bukata daga maƙwabta shi ne taimako ƙarami mai ɗorewa: mai adaidaita sahu da zai kai shi gashin ƙashi ranar da aka ba shi, abokan majalisa da za su dawo da hirarsu ƙofar gidansa, matasa biyu da za su tura kekensa zuwa masallacin Juma'a, 'yan adashi da za su ba mai jinya ɗauka da wuri. Kwamitin masallaci zai iya zuba siminti ya yi gangara a ƙofa ya ajiye kujeru a gefen sahu, masu fitar da zakka kuma su tuna cewa magidancin da ciwo ya raba da sana'arsa yana iya shiga cikin waɗanda suka cancanta. Wanda ya fara samun sauƙi kuma ya fi bukatar a mayar da shi bakin shago ko a ba shi jarin da zai juya a zaune fiye da sadakar yau da gobe.

Wannan tunani yana da gindin zama a tsarin lafiya na duniya. A watan Oktoba na 2010, a Abuja, aka ƙaddamar da jagororin Hukumar Lafiya ta Duniya na farfaɗo da masu naƙasa a cikin al'ummarsu, waɗanda suka ɗora aikin a kan ginshiƙai 5: lafiya, da ilimi, da hanyar samun abinci, da zamantakewa, da ba mutum ikon tsayawa da ƙafarsa. A watan Janairu na 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su samar da hanyar shiga ga masu keke da sanda. Wa'adin ya cika, amma duk mai tura keken majinyaci a biranen Arewa ya san cewa aiki da dokar yana baya ƙwarai.

Akwai kuma taimakon da babu mai iya bayarwa sai wanda ya ɗanɗani ciwon. Ƙungiyar Stroke Action Nigeria, wadda ma'aikaciyar jinya Rita Melifonwu ta kafa, ta buɗe cibiya a Onitsha inda waɗanda suka rayu bayan lalurar suke haɗuwa su yi atisaye su koyi kula da kansu, a Ghana ma akwai ƙungiya mai irin wannan aiki, kuma kowace ranar 29 ga Oktoba ake gangamin wayar da kai a kan lalurar a duniya. Kafa irin wannan zama ba ya bukatar gini, domin majinyatan da ke haɗuwa a layin gashin ƙashi a asibiti ɗaya za su iya sa rana sau ɗaya a wata, su gayyaci ma'aikacin lafiya ya auna musu jini ya amsa tambayoyi, masu jinya su ma su zauna gefe su tattauna nasu. Sabon majinyacin da ya ga wanda ya shekara 2 da ciwon ya shigo da sandarsa yana gaisawa da mutane ya fi gaskata cewa atisaye yana aiki fiye da idan likita ne ya faɗa masa.

Duk waɗannan matakai suna tsayawa ne a kan sharaɗi ɗaya, wato kada lalurar ta sake bugawa, kuma haɗarin hakan ya fi yawa a makonni da watannin farko. Babi na gaba zai yi bayanin yadda ake auna hawan jini a gida, da ma'anar lambobi biyun da na'urar ke nunawa, da yadda mai shan magani kullum zai tsara shansa a watan azumi bisa shawarar likitansa.